Gwamnati za ta iya rufe mana soshiyal midiya, kuma VPN zai fitar da mu?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne a Kano, ina sayar da takalma da huluna ta Facebook da WhatsApp, kuma ina ɗan taɓa rubutu kan matsalar tsaro da tsadar rayuwa. Tun zanga-zangar watan Agustan 2024 duk sanda wani abu ya taso sai ka ji ana raɗe-raɗin wai za a rufe soshiyal midiya. Da gaske gwamnati na da ikon yin haka, kuma ta yaya take yi? In na sa VPN na tsira? Sannan gaskiya wani lokacin in na ga irin ƙarairayi da zage-zagen da ake yi sai in ji kamar gara ma a rufe ɗin kowa ya huta."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In na fahimce ka abu uku kake son sani, ko gwamnati na iya rufewa, ko VPN, wato manhajar da ake sawa a waya don a zagaye toshewa, zai fitar da kai, sannan ko rufewar ma alheri ce tunda ƙarya ta yi yawa. Ni dai na yi shekaru a aikin sadarwa, tun daga hawan ƙarfen sabis har zaman ɗakin da ake lura da netwok dare da rana, yanzu kuma yawancin aikina koyar da 'yan jarida da matasa ne yadda za su kula da wayoyinsu da shafukansu, to da wannan idon zan ba ka amsa. Eh tana iyawa, ta ma taɓa yi. Amma abin da kake tsoro, wato a wayi gari Facebook ya ƙi buɗewa, shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da ake yi, akwai wasu guda biyu da suka fi shi ciwo, mu 'yan Arewa su muka fi ɗanɗanawa, kuma VPN ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Wata bakwai babu Twitter

Ranar 1 ga Yunin 2021 shugaba Buhari ya wallafa saƙo a Twitter yana gargaɗin masu ƙona ofisoshin hukumar zaɓe da na 'yan sanda a kudu maso gabas, ya tuno musu yaƙin basasa ya ce za a yi musu magana da yaren da suke ganewa. Washegari kamfanin ya goge saƙon ya ce ya saɓa ƙa'idarsa. Ranar Juma'a 4 ga wata ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter har sai abin da hali ya yi, ranar Asabar kuwa mutane suka tashi suka tarar MTN da Airtel da Glo da 9mobile duk sun toshe shi bisa umarnin NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa. Ministan shari'a Abubakar Malami ya ce a gurfanar da duk wanda ya ci gaba da amfani da shi, hukumar NBC mai kula da kafofin yaɗa labarai ta ce gidajen rediyo da talabijin su ma su fita. Ka lura da abu ɗaya a nan, majalisa ba ta yi wata doka ba, kotu ba ta ba da oda ba, sanarwa ce kawai da takarda zuwa ga kamfanoni, kuma cikin dare ɗaya aka gama.

Goge saƙon nan fa ba shi ne mafarin rigimar ba, an jima ana jiƙa ta. A watan Oktoban 2020 aka yi zanga-zangar EndSARS ta neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, a Twitter aka ƙulla ta, a can ake faɗin wurin haɗuwa, a can ake tara kuɗin abinci da na asibiti da na lauyoyi, shugaban kamfanin na lokacin Jack Dorsey ma ya fito ya goyi bayanta ya ce a ba da gudummawa ta Bitcoin. Babban bankin Najeriya ya samo umarnin kotu aka rufe asusun mutum 19 da na kamfani ɗaya da ake zargi da hannu a ciki. A farkon Nuwamban shekarar gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna, cikin abin da suka fitar har da neman a sa wa soshiyal midiya linzami. Kafin nan ma a 2019 Sanata Mohammed Sani Musa na jihar Neja ya kawo ƙudirin da zai ba hukuma damar katse intanet in ta ga an yaɗa abin da ta kira ƙarya, jama'a suka yi ca a kai ƙudirin ya kwanta.

Sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, bayan kwana 222, shugaban hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA Kashifu Inuwa ne ya fitar da sanarwar, ya ce kamfanin ya yarda zai yi rajista a Najeriya ya naɗa wakili ya biya haraji. Ranar 14 ga Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da wasu suka shigar, ta ce rufewar ta saɓa doka kuma ta take haƙƙin faɗin albarkacin baki. Hukuncin ya yi kyau amma ya zo ne wata shida bayan an buɗe, wanda ya yi asara ya riga ya yi. Kuma su waye suka yi asarar? Masu siyasa da masu zagi duk sun sa VPN sun ci gaba da harkarsu, irinka ne suka ji jiki, mai sayar da atamfa da mai kek da mai turaren wuta da kwastomominsu ke can, don kai kana iya sa VPN amma ba za ka iya bin kwastoma ɗari biyar kana sa musu ba. Ƙungiyar NetBlocks mai bibiyar katse intanet ta ƙiyasta asarar da kusan naira biliyan 2 a kowace rana.

Yadda ake toshewa, da inda VPN ya tsaya

Duk kamfanin waya lasisinsa a hannun NCC yake, ya zuba biliyoyi a ƙasa, ba zai yi jayayya da wanda zai iya ƙwace lasisin ba, nan ne ƙarfin gwamnati yake. Aikin kansa ba wuya. In ka danna Facebook wayarka ba ta san inda yake ba sai ta tambayi wata na'ura a wurin kamfanin layinka, kamar baƙo ne ya shiga tasha ya tambayi ɗan kamasho ina motar Gusau take. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce wa ɗan kamashon duk wanda ya tambayi mota kaza ka ce masa babu. Wata hanyar kuma a datse titin gaba ɗaya ko ka san inda motar take ba za ka isa ba. Na yi irin wannan aikin da hannuna a kan shafukan damfara, mintuna kaɗan ne. Wadda ta fi damuna ita ce ta rage gudu, ba a rufe komai ba, rubutu yana wucewa amma bidiyo ya yi ta juyawa ya ƙi hawa, kai kuma ka ɗauka sabis ne ya yi halinsa. A ranar farko ta zanga-zangar Agustan 2024 mutane da yawa sun yi kukan netwok ya yi nauyi, gwamnati ta ce ba ta ba da umarnin haka ba, kuma a irin wannan yanayin tabbatarwa na da wuya sosai don taron jama'a a wuri ɗaya ma kaɗai yana iya danne ƙarfen sabis.

VPN ɓarauniyar hanya ce. Yana nannaɗe abin da kake yi ya kai shi wata na'ura a Jamus ko Holan ko Amurka, daga can ya wuce Facebook, kamfanin layinka yana ganin kana hira da wata na'ura a waje amma bai san inda ka nufa daga can ba. Ga toshe dandali ɗaya yana aiki ƙwarai. Amma hanyar ya ɓoye, bai ɓoye ka ba. Ka yi rubutu da sunanka da hotonka, lambar da ka buɗe shafin da ita tana haɗe da NIN ɗinka tun da aka fara haɗa layuka a ƙarshen 2020, dokar laifukan intanet kuma ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar layi na shekara biyu, to me VPN ya rufe? A ajin da nake koyarwa nakan ce kowa ya ɗaga wayarsa, sai in tarar fiye da rabi sun sauke VPN na kyauta da ba su san mai shi ba, sun ba shi izinin shiga lambobinsu da hotunansu. Na'urorin nan kuɗi ake biya a riƙe su, wanda ya ba ka kyauta akwai inda yake fanshewa, sau da yawa da bayananka ne. Kuma in za ka shiga manhajar banki ka kashe shi tukunna, wasu bankunan in suka ga kamar daga wata ƙasa kake shiga sai su kulle.

Abin da aka yi a Zamfara

Na farko cikin biyun da na ce sun fi ciwo shi ne kashe ƙarfen sabis ɗungurungum. A farkon Satumban 2021 gwamna Bello Matawalle ya nemi a katse sadarwa a Zamfara don a yaƙi 'yan bindiga, NCC ta ba da umarni aka kashe jihar gaba ɗaya, da farko an ce sati biyu ne, sai da aka kai Oktoba kafin a dawo da Gusau, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Katsina ta bi da ƙananan hukumomi 13, Sakkwato 14, Kaduna ma ta kashe wasu yankuna. A nan babu maganar VPN, babu kira babu tes babu POS, mutum sai ya shiga mota ya bar jihar kafin ya ji muryar ɗansa, aka koma ba direbobi wasiƙa kamar zamanin da. Ba na cewa niyyar gwamnonin mugunta ce, kashe-kashen sun isa a nemi kowace mafita, kuma gaskiya ne masu kai wa 'yan bindiga rahoto da waya suke amfani. Sai dai abin da na sani a aikina shi ne igiyar sabis ba ta san iyakar ƙasa ba, ƙauyukan bakin iyaka suna kama layukan Nijar, mai kuɗin fansa a hannu kuma yana iya sayen wayar tauraron ɗan Adam. Wanda ya rasa waya shi ne manomin da zai kira ya ce ga su nan tafe. Kuma wata biyu zuwa uku ana kai hari babu hoto babu murya da ke fitowa daga ciki, sai abin da hukuma ta faɗa. Abin da ya fi ba ni takaici, duniya ta yi ta hayaniya kan Twitter amma jiha guda ta yi shiru tsit ba a ji ko rabin wannan hayaniyar ba.

Maƙwabtanmu ma sun gani. A Nijar bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021 da aka ce Bazoum ya ka da Mahamane Ousmane rikici ya tashi a Yamai, aka katse intanet na waya kwana goma. Chadi ta toshe Facebook da WhatsApp da Twitter daga Maris ɗin 2018 har Yulin 2019, wata 16 cur.

Kamun mutum ɗaya

Na biyun shi ne a bar dandalin a buɗe a ɗauke mutum ɗaya, sauran dubu su kama bakinsu da kansu. Wannan ba ya jawo asarar biliyoyi, ba ya jawo surutun ƙasashen waje, shi ya sa aka fi yin sa. Makamin da aka fi ɗauka shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda a yadda aka rubuta shi da farko ko saƙon da ya ɓata wa wani rai ko ya ci masa fuska yana iya kai ka ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan 7. Wane mai mulki ne suka ba ta ɓata masa rai? Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa haƙƙin ɗan Adam, a Fabrairun 2024 aka yi masa gyara aka taƙaita shi ga batsa da kuma ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don ta da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Gyaran ci gaba ne, amma kamen bai tsaya ba, don kafin alƙali ya duba ya ce babu laifi mutum ya riga ya yi sati biyu a tsare, an karɓe wayarsa, iyayensa sun yi ta yawon neman beli.

Ka tuna ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse da aka kama a Nuwamban 2022 kan wani saƙo da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja aka gurfanar, sai da jama'a da ƙungiyar ɗalibai suka taso aka janye ƙarar. A wannan Nuwamban na 2022 dai wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20-20 da tara da sharar kotu saboda bidiyon barkwanci kan gwamna Ganduje. Ga kuma Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a mai zafin rubutu kan siyasa, wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Barnawa cikin Kaduna a farkon Agustan 2019, shekaru suka yi ta wucewa iyalansa ba su sake sa shi a ido ba. Duk wanda ke rubutu da Hausa kan siyasa ya san abin da sunan nan ya dasa a zukata.

Akwai kuma wata toshewar da ba ta gwamnati kai tsaye ba, 'yan data da sojojin baka su haɗu su yi wa shafinka ruwan ripot har kamfanin ya rufe shi, kuma da yake kamfanonin nan ba su da isassun masu jin Hausa sai ka ga an sauke mai faɗin gaskiya an bar mai tunzura jama'a.

Maganar gara a rufe

Ban raina wannan tunanin naka ba ko kaɗan, ƙarya tana kisa. A Agustan 2014 saƙon a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi don maganin Ebola ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya, har aka rasa rayuka. A rikicin Filato na Yunin 2018 an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook aka ce na can ne, binciken BBC ya gano har da hoton da aka ɗauka a Kongo shekaru kafin nan, kuma an tare hanya an kashe matafiya da ba su ji ba ba su gani ba. Wannan duk gaskiya ne. Amma tambayar da nake yi ita ce wa zai riƙe makullin? In ka ba wanda ake suka ikon yanke hukuncin mece ce ƙarya, abin da zai fara kira ƙarya shi ne rahoton an sace mutum 50 a ƙauyenku alhali shi ya ce biyar ne. Kuma jita-jita ba ta mutuwa don an rufe dandali, komawa take yi majalisa da tasha da bakin kasuwa inda babu mai ƙaryata ta.

Ka duba abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamban 2024. An kawo waɗanda aka kama a zanga-zangar Agusta gaban babbar kotun tarayya a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 18, yawancinsu daga Kano da Kaduna, sun yi kusan wata uku a tsare sun rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun, aka sa belin naira miliyan 10 kan kowanne. Hotuna da bidiyon da suka fita ta waya su suka girgiza ƙasa, cikin kwana uku shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Da a ce ranar an rufe ɗin kowa ya huta, ban ga ta inda yaran nan za su fito da wuri haka ba. Wanda ya yaɗa ƙaryar da ta jawo kisa a kama shi shi kaɗai, a kai shi gaban alƙali a fili da shaidu, wanda aka ɓata wa suna ya shigar da ƙara da kansa kamar kowa, ba ya turo mota cikin dare ba.

Kai kuma me za ka yi

Ci gaba da rubutunka, sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka damar magana, na 40 ya ba ka damar taro, kuma tun 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba sai da izinin 'yan sanda ake gangami ba, a ƙarar da jam'iyyar ANPP da wasu suka kai. Amma ka soki aiki ka bar jikin mutum da iyalinsa, ka ce hanyar nan an ware mata kuɗi ba a yi ba, ga hoto ga ranar da na ɗauka, wannan ya fi zagi ƙarfi kuma ya fi wuyar kamawa. Abin da ba ka gani da idonka ba ko ba ka san tushensa ba kar ka tura, ko da ya yi daidai da ra'ayinka, musamman ma in ya yi daidai ɗin. A guruf na WhatsApp ka ɗauka duk abin da ka rubuta wani zai iya ɗaukar hotonsa ya kai, yawancin matsalolin da aka kawo min ba kutse aka yi ba, na cikin guruf ne ya fitar. Ka sa wa shafukanka matakin tsaro na biyu, wato ƙarin lambar sirri da za a nema kafin a shiga, ka kulle wayarka da lambobi ba da yatsa kaɗai ba.

Ni injiniya ne ba lauya ba, abin da ya shafi tsayawa gaban alƙali ba fagena ba ne, in abu ya kai can nemi lauya tun kafin ka taka ofishin. Abin da zan iya faɗa maka shi ne in an gayyace ka kan wani rubutu kar ka je kai kaɗai, ka gaya wa na gida inda za ka, kana da damar yin shiru har lauyanka ya zo, kuma tsarin mulki ya ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu in da nisa. In babu kuɗin lauya akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnati da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, suna da ofisoshi a jihohi. Ka rubuta lambar lauya da ta wani ɗan uwa a takarda ka sa a aljihu, don wayar ce abu na farko da ake karɓa.

Ta fannin kasuwarka kuwa, tun yau ka sayi littafi ka fara rubuta sunan kowane kwastoma da lambarsa da garinsu da abin da ya saba saya, kar ka bar su a cikin Facebook kaɗai, kuma ka raba kuɗin cinikinka asusu biyu ka riƙe ɗan tsabar kuɗi a hannu, waɗanda na sani a Gusau da suka iya ci gaba da ciniki a watannin da aka kashe sabis masu irin wannan littafin ne.